Amanar Mai Duba Gida: Nazarin Ƙa'idojin Tura Masu Sayen Gida ga Masu Gyara a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ƙa'idojin da suka shafi masu duba lafiyar gida a Amurka, musamman a lokacin da za su tura mai saye ga masu sana'ar gyara. An gano cewa ƙa'idojin sun haramta cin riba daga aibin da aka gano, amma ba su toshe kowace kafa ta son zuciya ba.

1.0 Gabatarwa

A Amurka, mai sayen gida kan ɗauki ƙwararre ya duba masa rufi da harsashi da wayoyin lantarki da bututun ruwa kafin a kammala ciniki. Da rahoton wannan ƙwararre ne mai saye zai nemi ragin farashi, ko ya buƙaci a yi gyara, ko ya janye. Matsalar tana tasowa ne idan mai dubawar yana da abin da zai samu daga aibin da ya gano. Wannan shi ake nufi da karon muradi, wato yanayin da amfanin mutum ya ci karo da amanar da aka ɗora masa.

2.0 Abin da Ƙa'idojin Suka Tanada

Ƙungiyar masu duba gidaje ta ASHI, wadda aka kafa a 1976, ta haramta wa mambobinta karɓar la'ada, kai tsaye ko ta bayan fage, don sun tura abokin hulɗa ga wani ɗan kwangila. Ta kuma hana su gyara gidan da suka duba don a biya su, har sai shekara guda ta cika. Haka nan ba a yarda ladan aiki ya dogara ga sakamakon rahoto ko faɗuwar ciniki ba. Ƙungiyar InterNACHI ita ma ta gindaya wa'adin wata 12 kan gyara.

A jihar Kalifoniya batun ya wuce ladabin ƙungiya ya zama doka. Sashe na 7197 na kundin dokokin kasuwanci da sana'o'i na jihar ya ɗauki gyaran gidan da mutum ya rubuta wa rahoto cikin wata 12 a matsayin rashin adalci a kasuwanci. Ya kuma hana biyan dillali don ya riƙa kawo masu saye.

Hikimar a bayyane take. Wanda zai ci moriyar gyara zai iya kambama ƙaramar tsaga ta zama babbar ɓaraka. Wanda kuma cinikinsa ke hannun dillali zai iya kawar da kai daga rufin da ke yoyo, domin kada ciniki ya wargaje. A duka biyun mai saye ne ke asara.

3.0 Giɓin da ya Rage

Abin lura shi ne, ƙa'idar ASHI ba ta hana ambaton sunan mai gyara ba, ladan ambaton ta hana. Wannan ya dace, domin mai saye yakan sami 'yan kwanaki ne kawai ya tantance kuɗin gyara, kuma mai dubawar ne ya fi shi sanin kafinta ko mai gyaran famfo na kirki. Sai dai la'ada ba kullum take zuwa a kuɗi ba. Akwai ban-gishiri-in-ba-ka-manda, inda kowa ke tura wa ɗan'uwansa aiki ba tare da rasit ba, akwai kuma dangantakar jini ko ta abota. Irin wannan yana da wuyar kamawa. Bugu da ƙari, hukuncin ƙungiya kan mambobinta kaɗai yake hawa, dokokin jihohi kuma sun sha bamban.

4.0 Kammalawa

Darajar rahoto tana ga tabbacin cewa marubucinsa bai ƙaru da komai ba, ko an sami aibi ko ba a samu ba. Don haka maƙalar na ganin ya kamata mai dubawa ya ba da sunayen masu gyara fiye da ɗaya, ya bayyana a rubuce duk wata alaƙa da ke tsakaninsa da su, sannan ya bar wa mai saye zaɓi.