Hausar Hoton Sallah: Nazarin Kalmomi da Jinga da Mai Hoto a Fatakwal da Anacha da Inugu

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana na cewa gani ya kori ji. Bahaushen da neman abinci ya kai shi Kudu, Sallah kuma ta riske shi a can, ba shi da shaidar da zai aika wa iyaye da dangi cewa yana nan lafiya wadda ta wuce hotonsa shi da iyalinsa cikin kayan Sallah. Wannan ne ya sa har a zamanin da kusan kowace waya ke da kyamara, ana samun magidantan da ke ɗauko ƙwararren mai hoto idan Sallah ta zo.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba irin Hausar da ake amfani da ita tsakanin mai hoto da wanda ya kira shi. Ni dai ba da Hausa na buɗe baki ba. Harshen uwata Ibo ne, a Inugu na tashi, kuma a bakin maƙwabtanmu Hausawa na fara tsintar harshen kafin in zo jami'a in karanta shi. Saboda haka na fi mayar da hankali ga wuraren da mai koyo ya fi yin tuntuɓe.

2.0 Zaman Hausawa a waɗannan garuruwa

Garuruwan nan uku kowanne da abin da ya jawo Bahaushe gare shi. Anacha tana bakin kogin Kwara, kuma fatake Hausawa da Nufawa sun daɗe suna saukowa kasuwarta ta ruwa tun kafin a buɗe gadar kogin a 1965. Inugu kuwa kwal ne ya kafa ta, wanda aka gano a 1909. Domin fitar da wannan kwal zuwa teku aka gina tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, aka kuma shimfiɗa layin dogo wanda ya haɗa garuruwan biyu a 1916. Da layin ya haɗe da na Arewa sai shanu da wake da albasa suka sami hanyar gangarowa, masu su kuma suka biyo su.

Zaman ya yi ƙarfi har Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato wanda ya zo fataucin shanu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan zama, amma bayansa jama'a suka dawo. Ibo na kiran unguwar Hausawa Ama Awusa, kowace al'umma kuma tana da Sarkin Hausawanta. A Inugu ana samun su a Asata da Gariki, a Anacha a wajen titin Bida da bakin gada, a Fatakwal kuma a Diobu da tsohon gari.

3.0 Sana'ar hoto a yankin

Sana'ar hoto ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. A 1839 aka bayyana fasahar ɗaukar hoto a Faransa, kafin ƙarnin ya ƙare kuwa Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny a jihar Ribas ta yanzu, ya riga ya yi suna a cikinta. An haife shi a 1873, ya rasu a 1905, ana kuma lissafa shi cikin ƙwararrun masu hoto na farko a Nijeriya. Saboda tsufan sana'ar a hannun 'yan ƙasa, sau da yawa mai hoton da Bahaushe zai kira a nan ba Bahaushe ba ne. Ciniki kan gudana da Hausa ko Turancin buroka ko Ibo, wani lokaci ma a gauraya su cikin jimla ɗaya.

4.0 Kalmomin sana'ar

4.1 Aro da Hausantarwa

Yawancin sunayen kayan aikin aro ne daga Ingilishi, amma Bahaushe bai karɓe su haka nan ba sai da ya lanƙwasa su.

Kalmar hoto ta fito daga photo. A Hausa /f/ da /h/ sukan yi musayar gurbi idan wasalin /u/ ko /o/ ya biyo baya, kamar yadda ake jin fura da hura, ko fuska da huska, tsakanin Kano da Sakkwato. Shi ya sa foto ta zama hoto. Jam'inta kuma ya bi sahun shago da shaguna, keke da kekuna, aka sami hotuna.

Kalmar fasfo tana nuna abu biyu. Hausa ba ta da /p/, don haka ya koma /f/, kamar a fensir da fasinja da sunan Fatakwal kansa. Sannan an shafe baƙaƙen ƙarshe, domin yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa.

A situdiyo da firem an saƙala wasalin /i/ ne don a raba cunkoson baƙaƙe a farkon kalma, abin da gaɓar Hausa ba ta yarda da shi ba. A kyamara kuwa ganɗantawa aka yi, irin wadda aka yi wa kyaftin da kyandir.

4.2 Faɗaɗa ma'ana da ƙirƙira

Aikatan sana'ar su ba a aro su ba, na gida aka faɗaɗa. A zamanin fim ana tsoma takarda cikin ruwan magani a ɗaki mai duhu kafin hoto ya bayyana, sai aka ce ana wanke hoto. Yau na'ura ce ke buga shi kai tsaye daga kwamfuta, ba ruwa ko ɗigo, amma har gobe mutum zai ce, "A wanke mini guda biyar." Kalmar ta rayu bayan aikin da ya haife ta ya shuɗe. Idan hoto ya yi kyau a ce ya fito. A da idan haske ya ɓata fim a ce ya ƙone. Hoton da mutum ya yi wa kansa da waya kuwa an ƙirƙiro masa suna, hoton ɗauki-kanka.

Ita kanta kalmar hoto ta fita daga shagon mai hoto. A asibiti likita kan tura mutum ya yi hoton ƙirji. Idan kuma aka ce shugaban ƙungiya ya zama hoto, ana nufin yana kan kujera amma wani ne ke juya al'amura.

5.0 Aikatau ɗauka da sauye-sauyensa

Nan ne mu masu koyo muka fi shan wuya. Ɗauka aikatau ne na giredi na biyu a tsarin da Parsons ya fitar a 1960, kuma wasalinsa na ƙarshe yana sauyawa bisa abin da ya biyo shi:

(a) Na ɗauki hoto. Suna ya biyo baya, sai ya ƙare da -i.
(b) Na ɗauke shi hoto. Wakilin suna ya biyo baya, sai ya ƙare da -e.
(c) Ga hoton da na ɗauka. Babu karɓau a bayansa, sai ya ƙare da -a.

Matsalar ita ce akwai wani ɗauke na giredi na huɗu mai ma'anar kawar da abu daga wurinsa. A duba waɗannan:

(d) Mai hoto ya ɗauki hoton.
(e) Mai hoto ya ɗauke hoton.

A (d) aikinsa ya yi. A (e) kuwa ya raba hoton da inda yake, mai ji ma yana iya zaton sata ake nufi. Wasali ɗaya ne tsakanin yabo da ƙazafi. Sai kuma giredi na shida, ɗauko, mai nuna aikin ya fuskanto mai magana: "Je ka ɗauko mai hoto." A lura, ba a cewa an yi hayar mai hoto a Hausa mai kyau. Kujeru da rumfa da mota ake haya. Mutum kiran sa ake yi, ko a ɗauko shi, a yi jinga da shi.

6.0 Jinga

Jinga ita ce yarjejeniyar kuɗin aiki kafin a fara shi. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, mai hankali kan yi ta tun a goman ƙarshe na azumi, domin ranar idi kowa neman mai hoto yake yi. Ga misalin da na tsara, kuɗin ciki ma misali ne kawai:

Alhaji: Sannu da aiki, Oga. Ina so ka zo gida ranar Sallah ka ɗauke mu hoto, ni da iyali.
Mai hoto: To, Alhaji. Da safe ko da yamma?
Alhaji: Bayan an sauko idi. Nawa za ka yi mini?
Mai hoto: Guda nawa za a wanke?
Alhaji: Goma, ɗaya babba a sa shi a firem. Sauran ka turo mini ta waya.
Mai hoto: Kawo 30,000.
Alhaji: Haba, Oga, a duba dai. Na ba ka 20,000.
Mai hoto: Albarka. Kati ya yi tsada, Alhaji, ga kuɗin mota.
Alhaji: To, 25,000, don mun saba.
Mai hoto: Na sallama. Sai ka ba ni wani abu in riƙe.
Alhaji: Ga 10,000 kafin alƙalami. Ciko sai na ga hotuna.

Kalmomi huɗu ne ginshiƙan wannan zance. Albarka hanya ce ta ƙin tayi ba tare da an ce a'a ba, mai koyo kuwa yakan ɗauka godiya ce. Na sallama shi ne yarda, kuma da zarar an furta shi ciniki ya faɗa, janyewa abin kunya ne. Kafin alƙalami shi ne abin da ake bayarwa tun farko don a ƙulla magana, ciko kuma ragowar. Alhaji ya riƙe cikonsa ne domin shi kaɗai ne abin da zai sa mai hoto ya cika alkawari a kan lokaci. Haka nan ya fayyace adadi da girma da ranar zuwa, saboda yawancin rigimar bayan Sallah daga abin da ba a ambata ba take tasowa. Tayin da ya yi ma daidai aljihunsa ya yi shi, kada Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

A lura da kalmomin kira. Alhaji ya ce Oga, wadda ya tsinta a Kudu. Mai hoto ya ce Alhaji, da ya ce Malam ma ya yi daidai. Abin da bai kamata ya ce ba shi ne Aboki. A Hausa kalma ce mai daɗi, amma yadda ake jefa wa kowane ɗan Arewa ita a titunan Kudu ya sa da yawa suna jin ta a matsayin raini. Na sha ganin fuskar dattijo ta sauya saboda ita.

7.0 Ladabin ba da umarni

Aikin mai hoto ba ya yiwuwa sai da umarni, ga shi kuma sau da yawa waɗanda zai umarta sun haife shi. Hausa ta tanadi matakai:

(a) Ɗaga kai! Wannan na yaro ne ko tsara.
(b) Ɗan ɗaga kai. Kalmar ɗan ta sassauta umarnin.
(c) Baba, ku ɗan ɗaga kai. An yi amfani da jam'i don girmamawa.
(d) Hajiya, a ɗan matso. An ɓoye wanda ake umarta gaba ɗaya, wannan shi ne mafi ladabi.

Ladabi bai tsaya ga baki ba. Mai hoto namiji ba ya faɗawa ɗakin matan aure, ko da gidan haya ne mai ɗakuna fuska da fuska wanda ba shi da zaure. Yakan yi sallama ya jira maigida. Idan mayafi ya karkace, da baki zai faɗa, ba zai kai hannu ba. Akwai kuma gidajen da ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, don haka ba a juya kyamara ga maƙwabci sai an tambaye shi.

8.0 Hoton na wane ne?

Jimlar "hotona ne" tana da harshen damo. Tana iya nufin ni ne a ciki, ko ni na ɗauka, ko ni na mallaka. A da, iyakar abin da mai hoto zai yi shi ne ya manna hoton a gilashin shagonsa. Yanzu yana iya sa shi a Facebook ko Instagram don tallar aikinsa, fuskar matar mutum da 'ya'yansa mata ta kai inda bai taɓa zato ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa damar hana a wallafa shi ko a baje shi, sai fa in an yi wata yarjejeniya a rubuce. Duk da haka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara a faɗa tun wajen jinga: "Ban yarda a sa hoton iyalina a intanet ba."

9.0 Kammalawa

A wannan rubutu an ga yadda Hausa ta aro sunayen kayan hoto ta Hausantar da su, ta kuma faɗaɗa aikatanta na gida kamar wanke da fito da ƙone. An ga sauye-sauyen aikatau ɗauka, da kalmomin jinga, da matakan ladabi wajen ba da umarni. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda suka fito daga Kudu kamar ni, da mu riƙa tafiya hutu da littafi da biro. Yaran da aka haifa a Ama Awusa suna tashi da harsuna uku a baki, Hausarsu kuma tana ɗaukar wani launi da ya cancanci a rubuta shi. Wanda ya yi Sallah a can, ya tsaya kusa da mai hoto ya kasa kunne, ya rubuto mana jimloli goma da ya ji, tare da bayanin wanda ya faɗa da wanda aka faɗa wa, domin fitowa ta gaba.