Ka kawo gonar koko gida a Minecraft

Duk wanda ya sami koko a dajin kurmi na wasan Minecraft, shawarata ita ce ya saro gungumen itacen kurmin ya tafi da shi gida tare da kokon. Koko ba ya fitowa a ƙasa, jikin wannan itace kaɗai yake kamawa, kuma ba ruwansa da ban ruwa ko hasken rana. Saboda haka ginshiƙin gungume a bayan ɗakinka ya isa gona. Ka manna 'ya'yan a gefensa, ka jira kwanson ya tashi daga kore ya koma ruwan goro kafin ka tsinka, don ɗanye ƙwaya 1 kawai yake bayarwa. Garin ƙashi yana hanzarta nunarsa.

Wasu za su ce wahalar banza ce, tunda biskit ɗin da ake yi da koko ba ya riƙe ciki. Gaskiya ne yunwa tana saurin dawowa, amma a duba lissafi: alkama 3 burodi 1 take bayarwa mai cike maki 5 na yunwa, alhali alkama 2 da koko 1 suna ba da biskit 8, kowanne maki 2. Ga kuma rinin ruwan ƙasa na ulu da gilashi da ake samu daga koko. Sai dai kada ka bai wa aku biskit, nan take zai mutu.