Hukuncin Neman Alƙalanci da Ƙuri'a

Ran 1 ga Afrilu, 2025, mutanen Jihar Wiskonsin ta Amurka suka zaɓi alƙali guda cikin bakwai na Kotun Ƙolin jiharsu, Susan Crawford ta ka da Brad Schimel. Abin da aka ɓatar wajen neman wannan kujera ya haura dala miliyan 100. Attajirin nan Elon Musk ya dafa wa Schimel, George Soros kuma ya zuba wa jam'iyyar da ke bayan Crawford.

To, mene ne hukuncin neman alƙalanci a Shari'a? Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya hana Abdurrahman ɗan Samura roƙon shugabanci, domin wanda ya roƙa akan bar shi da dabararsa, wanda aka ɗora wa kuwa akan taimake shi. Malaman Malikiyya suka rarrabe: haramun ne ga jahili da mai kwaɗayin duniya, amma wajibi ne ga masanin da ya tabbata in ya noƙe haƙƙoƙin mutane za su salwanta. Ai Annabi Yusufu (A.S.) da bakinsa ya nemi riƙon taskokin Masar.

Ashe ba ƙuri'ar ce abin tsoro ba, bashin da ke biye da ita ne. Fuƙaha'u sun haramta wa alƙali karɓar kyauta daga mai ƙara, ko da ba a ambaci shari'ar ba. Ga shi kuwa a watan Janairun shekarar, kamfanin Musk, wato Tesla, ya shigar da ƙarar jihar a kan izinin buɗe shagunan sayar da motocinsa, ƙarar da ke iya kaiwa gaban alƙalan nan bakwai.