Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Bayani Kan Naɗa Wakilin Dukiya

Jama'a, lafiya aro ce. Hawan jini yakan shanye wa mutum ɓarin jiki, haɗarin mota yakan kwantar da shi wata da watanni, tsufa kuma yakan zo da ruɗewa. A irin wannan hali sai ka ga magidanci da kuɗinsa jibge a banki, iyalinsa kuwa na yawon neman rancen kuɗin magani. Dalili shi ne banki ba ya sakin kuɗi don kawai wani ya ce shi ɗan mai asusu ne. Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo lambar BVN a 2014, an ɗaure kowane asusu da zanen yatsu da hoton mai shi. Miƙa wa yaro katin ATM da lambar sirri kuwa ya saɓa ƙa'idar banki, in kuɗi suka salwanta babu mai biyan ka.

Maganin wannan shi ne wakilci, wato ka ɗora wani a kan dukiyarka da yawunka tun kana da lafiya da hankali. Abu ne mai asali a addini. Manzon Allah (SAW) ya wakilta Urwatu Albariƙi ya sayo masa akuya da dinari guda. Aya ta 282 a Suratul Baƙara kuma, wadda ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, ta ba waliyyi ikon yin shifta a madadin wanda ya gaza.

Wa za ka zaɓa?

Duba amana, sanin lissafi, da zama kusa. Ba dole sai babban ɗa ba. Matarka, 'yarka, ƙanenka ko amininka duk suna iya riƙewa. Wanda bashi ya yi wa katutu kada ka jarrabe shi.

Yaya ake yi?

1. Je wurin lauya ya rubuta takardar wakilci, ka sa hannu gaban shaidu adalai.
2. Fayyace iyakar ikon wakilin: karɓar kuɗin haya, biyan asibiti da makaranta, cefanen gida, fitar da zakka. In ba ka yarda ya sayar da gida ko gona ba, a rubuta ƙarara.
3. Kai takardar bankinka a shigar da sunansa da sa hannunsa. In ta shafi fili ko gida, a yi mata rajista a ma'aikatar filaye.
4. Wajabta masa ajiye rasit, ka kuma naɗa mutum na biyu mai duba lissafi.
5. Tara matanka da 'ya'yanka ka sanar da su da bakinka, musamman a gidan da ɗakuna suke da yawa. Abin da aka ƙulla a ɓoye shi ke haifar da zargi.

Hattara da abu biyu

Na farko, a dokar da Najeriya ta gada daga Turawan Ingila, wakilci na yau da kullum yakan warware idan hankalin mai dukiya ya gushe. Su Ingila sun gyara tun da dokar 1985, wadda ta kawo wakilci mai ɗorewa. A nan kuwa, in abin ya kai ga haka, sai iyali su je kotu. A shari'ar Musulunci alƙali ne ke hana marar hankali tasarrufi, ya naɗa masa mai kula. Don haka rubuta sunan wanda ka aminta da shi, alƙali ya sami abin dubawa.

Na biyu, wakilci ya ƙare da zarar rai ya yi halinsa. Daga nan dukiya ta zama ta magada, wakili ba shi da ikon taɓa ko sisi. Abin da kake son a bayar bayan ranka sai ta hanyar wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi.

Wasu na ganin yin wannan shiri kiran ciwo ne. Sam, rubutu ba ya jawo ƙaddara, ba ya kuma kore ta. Muddin kana cikin hankalinka kana da ikon sauke wakili ko canja shi. Saboda haka zauna da iyalinka, nemi lauya da malamin da ya san fiƙihu, a rubuta tun hannunka na iya riƙe alƙalami. Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.