Yadda Ake Zaɓar Kujerar Motar Gudu ga Mai Ciwon Baya

Motar gudu, irin mai ƙofa biyun nan da ke kwance a ƙasa kamar za ta lashi kwalta, don direba aka ƙera ta. Shi ke riƙe da sitiyari. Ya san lokacin da zai taka birki, ya hango rami tun daga nesa, jikinsa ya shirya wa kwana tun kafin a sha ta. Wanda ke zaune a gefensa kuwa ba shi da abin dafawa, ba shi da labarin abin da ke tafe, sai dai ya ji a jikinsa. In lafiyayye ne, ya sauka yana dariya. In mai ciwon baya ne, tafiyar awa ɗaya na iya kwantar da shi kwana biyu.

Ciwon ƙugu ba baƙo ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi. Don haka ba abin mamaki ba ne mutum ya tara kuɗi ya sayi motar da ya daɗe yana buri, uwargida ko mahaifi ya shiga sau ɗaya ya ce shi da ita har abada. Ana iya kauce wa wannan, muddin an yarda da ƙa'ida guda tun farko: wanda zai zauna a kujerar shi zai zaɓe ta, ba wanda zai biya kuɗin ba.

Mataki na 1: A san irin ciwon

Ƙashin ƙugu gaɓa biyar ne a jere, kuma tsakanin kowace gaɓa da 'yar'uwarta akwai faifan guringuntsi mai aikin matashi. In mutum yana tsaye, wurin yana da ɗan lanƙwasa zuwa ciki. Da zarar ya zauna a wuri mai ƙasa-ƙasa, inda gwiwa ta fi ƙugu bisa, sai ƙashin kwatangwalo ya mirgina baya, lanƙwasar ta baje, nauyi ya taru a kan faifan. Galibin faifan da ke bultsowa su ne biyun ƙarshe na can ƙasa. Mai irin wannan ciwo, zama ne abokin gabarsa, kuma zafin yakan bi jijiya ta ɗuwawu ya gangara har ƙafa. Abin da yake bukata shi ne kujerar da za ta tokare masa ƙugu.

Akwai kuma wanda hanyar jijiyar ce ta tsuke a cikin ƙashin baya, yawanci dattawa. Tsayuwa da tafiyar ƙafa ke tayar masa da ciwo, in ya zauna ya ɗan sunkuya sai ya ji sauƙi. Shi kuma tokare mai yawa na iya ƙara masa azaba. Kujerar da ta yi wa na farko daidai ba lallai ta yi wa na biyu ba. Saboda haka kafin a je wurin dillali, a fara zuwa wurin likita ko mai gashin ƙashi na asibiti, a tambaye shi wane irin zama ya dace, da kuma minti nawa mai ciwon zai iya yi bai miƙe ba. In an yi tiyata kwanan nan, likita ne zai faɗi ranar fara doguwar tafiya.

Mataki na 2: A gwada shiga da fita

Masu ciwon baya da yawa ba zaman ke karya su ba, shiga da fitowa ne. Tsayin Mazda MX-5 da Chevrolet Corvette na yanzu bai wuce mita 1.23 da 'yan kai ba, Porsche 911 kuma kusan mita 1.30, alhali Toyota Corolla ta kusa mita 1.45. Wannan ɗan bambanci, a wurin mai ciwo, tamkar bambancin zama a kujera ne da zama a tabarma.

A dubi dokin ƙofa. A motoci irin su Lotus Elise yana da faɗi da tudu, sai an tsallake shi sannan a faɗa cikin kujera. A dubi kuma fukafukan kujerar, wato tudun soson da ke gefe da gefe don riƙe jiki a kwana. In sun yi tsini da yawa, sai an ɗaga ɗuwawu an haye su a kowace fita.

Ga yadda ake shiga: a buɗe ƙofa har ƙarshe, a juya wa kujera baya, a dafa, a zauna a hankali, sannan a juyo da ƙafafu biyu tare, kafaɗa da ƙugu suna tafiya lokaci guda ba tare da murɗa baya ba. Fita kuma a bi ta baya-baya. Mai ciwon ya yi haka sau biyar a jere a gaban dillali. In a karo na uku ya fara cije leɓe, an gama magana, a nufi wata motar.

Mataki na 3: A ƙirga abin da kujerar ke iya yi

A 1974 wasu masu bincike a Gothenburg ta ƙasar Suwidin, cikinsu har da Alf Nachemson da Gunnar Andersson, sun auna matsin da ke kan faifan baya a jikin mutanen da ke zaune a kujerar mota. Sun ga matsin yana raguwa in aka ɗan kwantar da majingina baya, aka kuma sa tokare a ƙugu. Darasin bai tsufa ba. Laushi ba shi ne magani ba. Soso mai lotsewa yana daɗi a minti goman farko, daga nan sai ƙugu ya nutse ya lanƙwashe. Abin nema shi ne kujera mai ɗan tauri wadda ke bin jiki ta hanyoyi da yawa.

Abu biyar za a tambaya. Tokaren ƙugu yana fitowa ya koma, kuma yana hawa ya sauka? Wanda ba ya hawa da sauka, in bai dace da tsayin mutum ba, dunƙule ne kawai a bayansa. Mazaunin yana ɗagawa? Bakinsa na gaba yana karkata, yana kuma ƙara tsawo don tallafe cinya? Fukafukan suna buɗewa? Akwai na'urar ɗumama kujera? Ɗumi yana sassauta naman baya, kamar yadda gashi da ruwan zafi ke yi. Kuma a tabbata a kujerar fasinja ake duba duk wannan, domin motoci da yawa sukan cika wa direba maɓallai su bar na gefe da biyu ko uku.

Mota iri ɗaya takan zo da kujeru daban-daban. Porsche 911 tana da mai motsi 4, mai motsi 14, da mai motsi 18. Biyun ƙarshe ne ke da tokaren ƙugu mai hawa da sauka, mai 18 kuma har fukafukanta ana matsewa a buɗe. Corvette ta 2020 zuwa yau tana da GT1, GT2 da Competition Sport, kuma sai daga ajin 2LT zuwa sama ake samun maɓallin ƙugu. A Ford Mustang ta 2015 zuwa 2023, wanda ya zaɓi kujerar Recaro ya rasa ɗumi da sanyi da daidaitawar lantarki. Mazda MX-5 ba ta da tokaren ƙugu mai daidaituwa.

Wadda za a fi yin hattara da ita ita ce kujerar bokiti, wadda mazauni da majingina suke a haɗe ƙwarya ɗaya. Ta Sabelt da ke cikin Alpine A110 kilo 13.1 ce kacal, gwanin kyau, amma bayanta ba ya kwantawa. In ta dace da jiki, madalla. In ba ta dace ba, babu gyara. Kamfanin Alpine ma ya fitar da nau'in Légende mai kujera mai motsi 6 don masu son sauƙi.

Sai batun fili. A mota mai kujera biyu tak, bango ne a bayan kujera: in aka ja ta baya don a miƙe ƙafa, ba ta da wurin kwantawa. Masu 'yan kujerun baya, kamar 911, Mustang, Toyota GR86 da Lexus LC, sun fi ba dogon mutum sarari.

Mataki na 4: A dubi abin da ke ƙarƙashin kujerar

Komai kyan kujera, abin da taya ta taka shi take miƙa wa baya. Jikin mai zama ya fi jin girgizar da ke maimaituwa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, kuma hanya mai gargada ba ta rowar irin wannan.

A karanta lambar da ke jikin taya. In an ga 245/35, kaurin gefenta kashi 35 cikin 100 ne na milimita 245, wato kusan milimita 86. Taya mai 225/45 kuwa tana da kusan milimita 101. Roba da iskar da ke tsakanin wili da kwalta su ne matashin farko, don haka ƙaramin wili mai taya mai kauri ya fi babban wili mai siririyar taya tausayi, in dai birki ya shiga cikinsa. Tayoyin da ke ci gaba da tafiya bayan sun yi faci suna da gefe mai tauri, sun fi buga jiki. Iska kuma kada ta wuce abin da aka rubuta a takardar jikin ƙofa.

Shokozoba mai sauya tauri, irin PASM na Porsche ko Magnetic Ride Control na Corvette, tana da amfani a nan: direba ya tsananta ta in yana shi kaɗai, ya sassauta in ya ɗauko mai ciwo. Motar da aka rage wa tsayi da gajeren sifirin kuwa, a bar wa samari.

Mataki na 5: A yi gwaji na gaskiya

Zagayen minti biyar a bayan shagon dillali ba gwaji ba ne. A nemi aƙalla minti 45, ko a yi hayar irin motar na yini guda inda hakan zai yiwu, a bi irin hanyar da za a riƙa bi, da ramukanta da tudun rage gudunta.

Kafin a tashi, a daidaita kujerar bi da bi. A cire walat da waya daga aljihun baya. A tura ɗuwawu har ƙuryar kujera. A ɗaga mazauni iya yadda rufi ya bari, don ƙugu ya kusa kai gwiwa tsayi. A ja kujera har tafin ƙafa ya zauna daram, gwiwa a ɗan lanƙwashe, a bar faɗin yatsa biyu ko uku tsakanin bayan gwiwa da bakin kujera. A kwantar da majingina kaɗan, wajen digiri 100 zuwa 110. A kawo tokaren daidai layin ɗamara, a ƙara shi har a ji ya cike ramin baya, ba har ya tura ciki gaba ba. Daga ƙarshe a ɗaga matashin kai ya yi daidai da tsakar ka.

Kada a kwantar da kujera sosai mota na tafiya, ko da hakan ya fi daɗi. In aka yi karo, jiki na iya zamewa ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya koma kan ciki maimakon ƙashin kwatangwalo.

Direba ya yi shiru, kada ya riƙa cewa, "Ai da daɗi, ko?" Mai kunya zai ce da daɗi don kada ya ɓata masa rai. Hukunci kuma a bari sai gobe da safe, domin baya yakan kwana kafin ya kai ƙara.

Mataki na 6: In motar ta riga ta shigo gida

Mai sayen 'yar Kwatano ba ya zaɓar kujera daga kamfani, abin da ya zo shi ya zo. A latsa kowane maɓalli a ga yana aiki, a danna soson gefen ƙofa a ji ko ya mutu. Gyara a fara da mai araha: tawul da aka naɗe kaurin santimita 4 zuwa 5 a sa a ramin baya. In ya taimaka, mai ɗinkin kujerar mota na iya cusa soso mai tauri ko 'yar jakar iska mai famfon hannu a ƙarƙashin fata. Matashin zama mai kauri a baya, siriri a gaba, yana ɗaga ƙugu, amma a duba kada kai ya taɓa rufi.

In duk bai yi ba, sai canjin kujera. Recaro, wanda ya samo asali daga kamfanin Reutter na Stuttgart mai ƙera gangar jikin Porsche 356, ya fitar da kujerarsa ta gudu ta farko a 1965, ya kuma fitar da nau'in Ergomed da ya samu hatimin AGR, ƙungiyar Jamus mai tantance kayan da ke kare baya. Sai dai kujerar zamani ba soso da fata kaɗai ba ce. A cikinta akwai jakar iska ta gefe, da na'urar da ke gane ko akwai mutum a zaune, da maƙalin bel. Kada a ɗinke wurin da jakar iska ke fasowa da zare mai ƙarfi, kada a lulluɓe shi da riga, kada kuma a yarda da ƙafar kujerar da mai walda ya harhaɗa. A sa wadda aka yi don wannan motar.

Mataki na 7: Rabon direba

Dokar hanya ta Birtaniya tana ba direba shawarar hutun aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu. Mai ciwon baya ba zai jira haka ba. A tsaya masa tun ciwon bai taso ba, ya sauka ya taka. In kuwa ƙafa ta fara mutuwa, ko gaba da matse-matsi suka yi sanyi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, wannan ya wuce batun kujera, asibiti za a nufa nan take.

Sauran aikin yana ƙafar direba. Ya taka totur a hankali, ya fara birki da wuri, ya hau tudu a natse, ya ce "ga rami" kafin a faɗa. Motar gudu tana da ranar da za ta nuna abin da ta iya, amma ba ranar da aka ɗauko mai ciwo ba ce. Alamar an dace ita ce a isa gida, a kashe mota, fasinja ya fito da kansa bai dafa ƙugu ba, ya waiwayo ya ce, "Gobe ƙarfe nawa za mu fita?"