Wankin Mota

Mota tana da fata kamar yadda mutum yake da ita. Fatar mota ita ce fenti. Jikin yawancin motoci ƙarfe ne, ƙarfe kuwa in ya daɗe yana haɗuwa da ruwa da iska sai ya yi tsatsa. Tsatsa tana cin ƙarfe sannu a hankali har ta huda shi. Fenti shi ke tsare ƙarfen daga wannan cuta, adon da yake yi wa mota ƙari ne kawai.

Fentin nan ba shi da kauri. Hawa-hawa ake fesa shi a wurin da ake ƙera motoci. Da fari a sa wanda zai kama ƙarfe, sa'an nan mai launi, ja ko shuɗi ko fari, daga bisani a rufe da wani garai-garai kamar ruwa, wanda shi ke sa mota ƙyalli. In aka haɗa su duka, kaurinsu bai wuce na takarda ɗaya ko biyu ta wannan littafi ba.

Babban abokin gaban fenti a ƙasar Hausa shi ne ƙurar hunturu. Tun daga wajen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris iska tana busowa daga arewa maso gabas. Da yawa daga cikin ƙurar da take kawowa daga wani kwari take fitowa a ƙasar Chadi, ana kiransa Bodele. A zamanin da, wurin nan ƙasan wani babban tafki ne. Ruwan ya ƙafe, ya bar farar ƙasa mai laushi. Ita ce iska take kwasowa ta barbaɗa wa Damagaram da Kano da Katsina, wata ma har ta ƙetare teku ta sauka a Amurka ta Kudu.

In an taɓa ƙurar nan sai a ji ta kamar gari, amma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi masu kaifi waɗanda ido ba ya gani. To, ga inda ake yin kuskure. Da safe yaron mota yakan tarar mota ta yi furu-furu, sai ya ɗauki busasshen tsumma ya hau gogewa, yana ganin ya yi abin kirki. Alhali kuwa daidai yake da mai cuɗa kwano da yashi. Duk inda tsumman ya bi yana barin ɗan ƙarzane. Yau kaɗan, gobe kaɗan, kafin shekara ta zagayo ƙyallin ya dushe, in rana ta haska jikin motar sai a ga zane-zane kamar saƙar gizo. In babu ruwa, gara a bar ƙurar inda take, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Yaran da suke rubuta sunayensu da yatsa a jikin mota mai ƙura, su ma irin ɓarnar nan suke yi. Ruwa yana wanke rubutun, amma ba ya wanke ƙarzanen.

Direban da ya san aikinsa yakan kai mota inuwa, da sassafe ko da yamma, lokacin da jikinta ya huce, gama in ƙarfen yana da zafi sabulu yakan bushe a kai ya bar tabo. Ba ya fara taɓa ta da soso. Sai ya kwarara mata ruwa daga sama, ruwan ya gangara da yashin. Sa'an nan ya ajiye bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. In ya wanke wuri kaɗan, sai ya ɗauraye soson a bokiti na biyu kafin ya mai da shi cikin na sabulu, don kada yashin da ya kwaso ya koma jikin motar. Daga rufi yake farawa, ya sauko tagogi da ƙofofi, ƙasa ita ce ƙarshe, don a nan datti ya fi yawa. In ya ɗauraye sai ya tsane ta da tsumma mai laushi, domin ruwan rijiya in ya bushe da kansa yakan bar ɗigo-ɗigo fari. Ba ya shigar da mota cikin rafi ko tafki ya wanke, gama mai da sabulu suna ɓata ruwan da mutane da dabbobi suke sha.

Bayan wanki, wani lokaci akan shafa wa mota kaki, a bar shi ya sha iska, a goge. Mafi shahararsa daga ganyen wata itaciya ake samunsa, dangin giginya, wadda take fitowa a ƙasar Brazil. In akwai kaki a jikin mota, ruwa ba ya kwanciya, sai ya dunƙule ya gangara. Garin sabulun wankin tufafi yana da ƙarfi ƙwarai, yana cire kakin nan, shi ya sa ake yin sabulun mota dabam.

Kashin tsuntsu da na jemage suna cin fenti, balle in rana ta gasa su. Ba a kankare su da farce. Jiƙaƙƙen tsumma ake ɗorawa har su yi laushi, kana a ɗauke.

Wili yana da nasa buroshi da nasa bokiti. Baƙin dattin da yake taruwa a kansa garin ƙarfe ne da yake zubowa duk sa'ad da aka taka birki, bai kamata ya hau fenti ba. Da damina kuma laka takan maƙale a saman taya da ƙarƙashin mota, ta riƙe ruwa kwana da kwanaki. A nan tsatsa ta fi farawa, inda ba mai dubawa. Robar gefen tagogi da ƙofofi ita ma tana son a share ta, gama in ta bushe ta tsage, ruwan sama zai sami hanyar shiga.

Akwai masu shafa wa taya baƙin mai don ta yi sheƙi. Wannan ganganci ne, domin mai yana lalata roba. Ruwa da sabulu sun isa. Lokacin wankin ne mai lura yakan ga ƙusa, ko tsaga, ko kumburi, ya canja tayar tun ba ta fashe da mutane a hanya ba. A gefen taya kuma akwai lambobi huɗu da suke faɗin shekarunta. Tun daga shekarar 2000 ake rubuta su haka: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tayar da aka rubuta wa 2319, watau an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019.