DARASI: RIJIYA DA AMANAR RUWA

Karatu: Farawa 26:12-22

Littafin Farawa ya ba mu labarin Ishaku a ƙasar Gerar. Filistiyawa sun cike rijiyoyin mahaifinsa Ibrahim da ƙasa, shi kuwa ya sāke haƙa su. Sau biyu makiyayan Gerar suka yi jayayya da makiyayansa, sai a rijiya ta uku aka sami salama. Ashe tun zamanin dā, inda ruwa ya yi ƙaranci, husuma takan biyo baya.

Daga ina ruwan rijiya yake fitowa?

A Malikanchi da sauran ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, damina takan fara wajen watan Mayu, ta ɗauke cikin Oktoba. Ƙarƙashin gonakinmu dutse ne. Ruwan da muke ɗebowa da guga ruwan sama ne wanda ya nutse, ya kwanta cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagoginsa. Saboda haka abin da ƙasa ta sha da damina, shi rijiya take bayarwa da bazara. Idan an sare itatuwa, an bar gona tsirara, ruwa sai ya gudu zuwa rafi, ya tafi da ƙasar noma. A watan Maris da Afrilu mata da yara ne suke shan wahalar wannan. Dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba.

Abin da ya kamata mu yi

1. Mu tari ruwan sama. A yankin Zariya akan sami ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 5 yana zubar da kusan lita 50,000, wato duro 250. A sa indararo, a bar ruwan farko ya wanke rufin, a rufe duro saboda sauro.

2. Mu taimaki ƙasa ta sha. A yi kunya ta gitta gangare, kada a ƙone karan da ya rage a gona, a dasa itatuwa a kuma tsare su daga awaki.

3. Masu rake da tumatir a fadama su yi ban ruwa da sassafe ko da yamma, su kashe inji idan lambu ya ƙoshi. Mai ja fiye da bukatarsa, rabon maƙwabcinsa yake ja.

4. Mu kiyaye rijiya. A yi mata murfi da daɓe, a rataye guga, masai kuma ya yi nisan aƙalla mita 30 da ita.

A wasiƙarsa Laudato Si' ta shekarar 2015, Paparoma Francis ya koyar cewa samun tsabtataccen ruwan sha hakki ne na kowane ɗan Adam. Rijiya ba ta tambayar addinin mai guga. Bari mu haɗa hannu da maƙwabtanmu Musulmi da makiyaya tun kafin bazara ta matsa.

Tambayoyi don tattaunawa bayan Misa

(a) Rijiyoyi nawa ne suke ƙafewa a ƙauyenmu kowace shekara?
(b) Wa yake lura da burtsatse, wa kuma yake tara kuɗin gyara?
(c) Wane aiki Zumuntar Mata da matasa za su ɗauka kafin damina ta faɗi?

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu riƙe amanarsa. Amin.